Foli, mono ko TOPCon, tubula ko litiyom: wanne ya dace da ɗan ƙauye irinmu?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, maganar sola ta tashi daga bakin ƴan boko da masu kuɗin birni ta dawo majalisar ƙofar gida. A nan wajenmu ƙasar Ringim da Taura duk wanda ya sayar da shinkafarsa ko ya kai sa kasuwa to lissafinsa na farko shi ne ya sa sola, ko a gida ko a fadama, kuma tambayar kullum guda ce, wanne zan saya? In ka shiga Sabon Gari a Kano kowane mai shago da nasa wa'azin, wannan ya ce maka mono ne sarki, wancan ya ce ai yanzu an wuce nan sai TOPCon, wani kuma ya ja ka lungu ya nuna maka na gwanjo ya ce Alhaji daga Turai aka kwanto shi wallahi ya fi sabo ƙarko, kai kuma kuɗin guminka ne a aljihu ba ka son ka zubar. To ni dai ga yadda nake ganin abin, kuma gara in faɗa tun da wuri, mu ƴan ƙauye abin da ke cin kuɗinmu a harkar sola shi ne zafi da ƙura da jabun kaya da batir, lambar da ke jikin farantin sola tana can baya. Waɗanda suka fi kowa sanin haka kuwa su ne mutanen da yaƙi ya kashe wa wuta ɗungurungum suka koma rayuwa da rana, zan zo kansu.

Bari mu fara da farantin kansa tunda shi ake ta cacar baki a kai. In an ce faranti yana da kashi 20 cikin 100, ana nufin daga hasken ranar da ya sauka a kansa kashi 20 yake iya mayarwa wuta, sauran ya tafi a zafi. Na farko mai amfani da aka ƙera a Amurka a 1954, a ɗakin binciken Bell, kashi 6 kacal yake tatsa. Foli, shuɗin nan mai dabbare-dabbare da muka fara gani a kan fitilun titi da burtsatsen gwamnati, yana tsakanin 15 zuwa 17. Mono, baƙin nan, irin wanda zaka ga an rubuta PERC a sitikarsa, dabara ce da aka ƙirƙiro a jami'ar New South Wales ta Ostiraliya tun 1983 amma sai da aka kwashe shekaru sama da talatin kafin masana'antun Chana su cika duniya da ita, shi yana ba da 20 zuwa 21 da ɗoriya. TOPCon kuwa cibiyar Fraunhofer ta Jamus ce ta fito da shi a 2013, kuma yanzu shi manyan kamfanoni irin su Jinko da JA Solar da Trina suka koma bugawa, yana kaiwa 22 zuwa 23. Akwai wani samfurin da ake kira HJT da kuma irin wanda aka mayar da duk layukan ƙarfensa ta baya, su suna taɓo 23 zuwa 24, amma da tsada kuma ba kasafai zaka same su na gaskiya a kasuwanninmu ba.

Labarin da ke yawo a intanet na cewa an kai kashi 30 da wani abu gaskiya ne, amma a fahimce shi. Silikon shi kaɗai, wato sinadarin da ake yin duk waɗannan da na lissafa da shi, masana sun ce ba zai wuce wajen kashi 29 ba komai dabara, shi ya sa aka koma ɗora masa wani siririn sinadari a sama da ake kira ferobiskayit, shi ya kama wani ɓangaren hasken silikon ya kama ragowar. Da wannan ne kamfanin LONGi ya kai 33.9 a Nuwamban 2023, ya ƙara zuwa 34.6 a Yunin 2024, sannan Oxford PV na Ingila ya fara sayar da cikakken faranti na irin wannan a Satumban 2024 mai kashi 24.5. Abin farin ciki ne sosai, ƴaƴanmu zasu ci moriyarsa in Allah ya so. Sai dai waccan babbar lambar a kan ɗan ƙaramin yanki aka same ta a ɗakin gwaji, kuma har yanzu matsalar ferobiskayit ita ce ba ya jure zafi da danshi na dogon lokaci kamar silikon. Saboda haka duk wanda ya ɗauko maka faranti a kasuwar Gujungu ko ta Maigatari ya ce kashi 30 yake bayarwa, ka yi masa sallama ka wuce.

Ga abin da mutane da yawa ba su gane ba. Wat 550 wat 550 ne, ko foli ne ko TOPCon. Kason nan da ake ta magana girman faranti kawai yake gaya maka, mai kaso da yawa yana ba da wutar a ƙaramin wuri, mai kaso kaɗan sai ya fi faɗi. Faranti mai tsawon mita 2.28 da faɗin mita 1.13 in PERC ne zai ba ka wajen wat 550, in TOPCon ne a daidai wannan girman zai kai 580 zuwa 590. Mutumin Legas ko na cikin Fagge da rufinsa bai fi ɗaki biyu ba dole ya damu da wannan. Kai da kake da tsakar gida da garke da fili har bayan danga, in ka ƙara faranti ɗaya ka cike giɓin har da riba.

Inda bambancin yake da nauyi a wajenmu shi ne zafi, kuma nan nake so a tsaya a duba da kyau. Duk wat ɗin da aka rubuta a jikin faranti an auna shi ne lokacin da farantin yake kan zafin digiri 25. To mu a bazara, Afrilu da Mayu, iskar gari kanta tana haura 40, farantin da ke shanye a rana kuma a kan kwano yana kaiwa 65 ko fiye, ka taɓa da hannu ka ji. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan 25 wuta tana raguwa, foli yana zubar da wajen kashi 0.40 ko sama, PERC wajen 0.35, TOPCon wajen 0.30, HJT wajen 0.25. In ka lissafa da ƙarin digiri 40, foli ya yi asarar kashi 16, PERC 14, TOPCon 12, HJT 10. Kaga mai wat 550 na PERC da tsakar ranar bazara 470 da ɗan wani abu zai ba ka, kuma ba lalacewa ya yi ba, haka halittarsa take. Shi ya sa mutane suke mamaki su ga da sanyin Disamba in gari ya washe ba hazo batir ya fi saurin cika fiye da lokacin da rana take ƙuna. Kuma shi ya sa nake jin ciwo in na ga an manna faranti daf da kwano ba ko tafin hannu a tsakani, dan Allah a ɗaga shi iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa, wannan ɗagawar kaɗai tana iya dawo maka da abin da zaka biya kuɗi mai yawa ka samu daga TOPCon.

Ta fuskar tsufa ma TOPCon ya ɗan fi. A takardar garantin manyan kamfanoni PERC yana rage wajen kashi 2 a shekarar farko sannan 0.55 duk shekara har 25, TOPCon kashi 1 a farko sannan 0.4 duk shekara har 30. Akwai kuma mai fuska biyu, gilashi gaba da baya, wanda yake shan hasken da ya dawo daga ƙasa. A gona in an ɗaga shi a kan ƙarfe sama da farin yashi yana ƙara wani abu kuma gilashin bayan yana taimaka masa wajen ƙarko, amma in a kan rufi zaka kwantar da shi fuskar bayan ba abin da zata gani, ga nauyi, wajen kilo 32 maimakon 27 ko 28, kuma katakon rufin yawancin gidajenmu ba ƙarfi gare shi ba.

Hukuncina a kan faranti: in ka samu TOPCon na gaskiya kuma ratar kuɗinsa da PERC ba ta da yawa a kan kowane wat, ɗauki TOPCon saboda zafinmu. In ratar da yawa ɗauki PERC na gaskiya ka sa ragowar kuɗin a batir, ba ka yi asara ba. Sabon foli kuwa manyan masana'antu sun daina buga shi, duk wanda ka gani ko tsohon ajiya ne ko na gwanjo ne aka goge.

Na gwanjo fa? Araha ba ta ado. Akwai masu kyau a ciki ban musa ba, amma faranti yana iya samun ƙananan tsagewa da ido ba ya gani a cikin sel ɗinsa, wato ƴan murabba'an nan da ke jere a ƙarƙashin gilashi, daga jifa a kwantena da jijjigar mota, kuma abin da ya fi shi haɗari ma shi ne sabo fil mai sitikar ƙarya, ana buga sunan manyan kamfanonin nan a manna a kan kayan da ba nasu ba. Maganin wannan bai fi tef na tela ba. Rana tana sauke wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita a ma'aunin da ake amfani da shi, to faranti mai kashi 21 zuwa 23 ba zai wuce wat 210 zuwa 230 a murabba'in mita ba. Auna tsawo, auna faɗi, ka ninka su, sannan ka ninka da 230. Faranti mai mita 1.6 da mita 1 iyakarsa wajen 370, in ka ga an rubuta 500 ƙarya ce tsirara komai rantsuwar mai shago. Bayan haka ka sa a fito da shi rana da hantsi ko azahar a auna amfiya, kar ka yarda da auna bolt kaɗai domin ko faranti mai ciwo yana nuna bolt daidai, mai wat 550 ya kamata ya kusanci amfiya 13 in rana ta buɗe. Lambar da ke cikin gilashi ta dace da ta bayan, kuma manyan kamfanonin suna da shafin da zaka shigar da lambar ka tantance, ka sa yaro mai waya ya duba maka kafin ka ƙirga kuɗi.

Yanzu ga mutanen da na ce. Yaman, tun da yaƙi ya tsananta a Maris ɗin 2015 tashar Marib da ke ba Sana'a wuta ta tsaya, man dizal ya yi wuya ya yi tsada, cikin ƴan shekaru rufin gidajen birnin ya cika da faranti, talaka da mai kuɗi, har Bankin Duniya ya ware dala miliyan 50 a 2018 don sa wa asibitoci da makarantu da rijiyoyi sola da kuma taimaka wa gidajen karkara. Abin da ya faru a can shi ne ke faruwa da mu yau, kasuwa ta buɗe ba mai sa ido, aka cika ta da kaya marasa inganci, kuma abin da ya fi mutuwa a hannun mutane batir ne, faranti yana nan a sama lafiya lau amma dare ya yi gida ba wuta. A arewa maso yammacin Siriya, wajen Idlib, da na gwanjon Turai da ake shigowa da su ta Turkiyya mutane suka rayu, har a sansanin gudun hijira zaka ga faranti ɗaya jingine da tanti. Sun saya ne don ba su da zaɓi, kuma ya yi musu aiki domin sun rage buƙatarsu zuwa fitila da caji da ɗan famfon ruwa. A Gaza kafin Oktoban 2023 gidaje da asibitoci da yawa sun dogara da sola saboda wutar layi sa'o'i kaɗan take zuwa, da aka rushe gine-gine na kan rufi suka tafi tare da ginin, wanda ya tsira shi ne wanda aka iya kwancewa aka ɗora a amalanke aka gudu da shi, da shi ake cajin waya a tantuna. Allah ya kawo musu sauƙi. A Yukiren kuma tun Oktoban 2022 Rasha take luguden wuta a kan manyan tashoshi da taransifoma, suka gane cewa babbar tasha guda makami ɗaya ya ishe ta amma ƙananan sola da batir da aka warwatsa a asibitoci da makarantu ba a iya kashe su lokaci guda.

Ba sai mun je nesa ba ma. A Janairun 2021 ƴan ta'adda suka tayar da turakun layin da ke kai wuta Maiduguri daga Damaturu, aka gyara a Maris suka sake fasawa cikin ƴan kwanaki, babban birni guda ya kwashe watanni cikin duhu, sai a Maris ɗin 2023 aka buɗe musu tashar gas mai megawat 50 a cikin gari. Mu kanmu a Oktoban 2024 da ƴan bindiga suka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, Kano da Jigawa da Katsina fiye da mako ba wuta, ƙanƙara ta zama sai mai hali, masu cajin waya da sola su ne suka ci kasuwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Alhamdu lillahi yankinmu da sauƙi in aka kwatanta da Zamfara ko Borno, amma wutar da take tafiyar ɗaruruwan kilomita ta cikin daji kafin ta iso ka, da man da sai tanka ta kawo, duk a hannun wasu suke.

Abin da na tsinta daga waɗannan wuraren shi ne ba wanda ya tsaya tambayar kashi nawa ne. Suna tambaya ne in ya lalace wa zai gyara a garin nan, in ta ɓaci zan iya ɗauka, kuma batirin zai kai shekara nawa. Da wannan idon ya kamata mu kalli batir.

Tubula, babban nan mai ruwa, mai amfiya 220 a bolt 12, a takarda yana ɗauke da wat-awa 2,640 (wat-awa shi ne ma'aunin wutar da aka tara, wat ɗaya na tsawon awa ɗaya), amma in kana so ya daɗe rabi kawai zaka riƙa sha, wato wajen 1,300. In kana zuƙe shi har inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta NEPA, ta yi kuka ta mutu kullum, kai ka kashe shi da hannunka. Yana son a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na rijiya ba ba na leda ba, yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji don haka ba a kulle shi a ɗakin kwana, sannan zafi maƙiyinsa ne, ƙa'idar da masu harkar suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu, kaga ɗakin kwano a bazara kenan. Wanda ya kula da shi yana cin shekara uku ko huɗu, wanda bai kula ba ko biyu ba zai ga ba. Alherinsa kuwa kuɗin farko da sauƙi, kowane mai gyara a Ringim ko Gumel ya san shi, kuma in ya mutu ƴan gwangwan suna saye da daraja saboda dalmar ciki. Litiyom, irin wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, mai bolt 51.2 da amfiya 100 yana ɗauke da wat-awa 5,120 kuma kana iya shan kashi 80 zuwa 90 ba tare da ka cutar da shi ba, wato guda ɗaya yana yin aikin tubula uku da ɗoriya, ba ƙarin ruwa, yana saurin cika, na kirki ana ba shi caji da saukewa sau 3,000 zuwa 6,000, ga shi nauyinsa wajen kilo 50 alhali tubula ɗaya tak ya kai 60. In ka raba kuɗin da shekaru litiyom ya fi araha nesa ba kusa ba. Matsalarsa biyu, kuɗin farko a dunƙule, da kuma cewa akwatin a rufe yake ba ka ganin sel ɗin da ke ciki, akwai masu haɗa tsofaffi ko waɗanda masana'anta ta ƙi su sa a sabon akwati, kuma in ƴar na'urar cikinsa da ke tsare cajinsa ta ƙone sai an kai Kano. Don haka litiyom sai a wajen mai shago tsayayye da zai rubuta maka garanti a rasit kuma ka san gobe yana nan. In kuɗinka bai kai na kirki ba, gara tubula na gaskiya da litiyom na bakin titi. Batirin mota kuwa dan Allah a bar shi a mota, an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa kaɗan ya tayar da inji, in ka sa shi aikin dare wata nawa ne ya mutu.

Sai kantirola, ɗan akwatin da ke tsakanin faranti da batir, wanda mutane suke rainawa alhali a nan ake tafka asarar da ta fi ta foli da TOPCon sau goma. Iri biyu ne, PWM mai araha da MPPT. Babban faranti mai wat 550 yana aiki ne a wajen bolt 41 da amfiya 13. In ka haɗa shi da batir mai bolt 12 ta PWM, kantirolar zata jawo bolt ɗin ƙasa zuwa na batir, wajen 14, amfiya kuma tana nan 13, ninka ka gani, wat 180 da ɗoriya. Ka biya kuɗin 550 kana shan kashi ɗaya cikin uku, kamar ka sayi buhu a auna maka tiya goma sha uku ka tafi kana godiya. MPPT ita tana juya rarar bolt ɗin ta koma amfiya, kusan duka wutar ta shiga batir. PWM tana da wurinta, ƙaramin faranti mai bolt 18 da ƙaramin batir na fitila da caji, nan ba laifi. Amma da zarar ka sayi manyan nan to MPPT dole, ko inbata mai haɗe da ita a ciki, kuma a kula akwai masu rubuta MPPT a jikin PWM, ta gaskiya tana da nauyi saboda naɗin wayar tagulla da ke ciki, in ka ɗaga ka ji ta sakayau ajiye. Mai haɗawa kuma ya duba iyakar bolt ɗin da take ɗauka kafin ya jera faranti a layi ɗaya, kowanne yana kai wajen bolt 50 in ba a jan wuta daga gare shi kuma da sanyin asubar hunturu yana ƙaruwa.

To wa zai sayi me? Magidanci mai son fitila da fanka da talabijin da caji, ƙwai shida masu wat 7 na awa shida wajen wat-awa 250 ne, talabijin kusan haka, amma fanka biyu ta wutar NEPA masu wat 60 in suka kwana suna juyi awa goma 1,200 ne su kaɗai, alhali fankar sola mai wat 20 guda biyu 400 zasu ci. Canja fanka ya fi ƙara batir sauƙi. Faranti ɗaya mai 550 a ranar Kano da Jigawa, in an cire asarar zafi da waya da ƙura, yana tara wajen wat-awa 2,000 zuwa 2,300 a yini, a Agusta da hadari ko ranar da hazo ya rufe gari ya ragu sosai, don haka biyu ne kwanciyar hankali. Hajiya mai sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya ita ma lissafinta daban, firiza ta yi aikinta da rana lokacin da wuta take kyauta, ta daskare sosai, da dare a kashe a bar ta a rufe, sai ta ƙara faranti ta rage batir, domin faranti shi ne mai arahar kuma mai tsawon rai a cikin kayan duka.

Manomin rani shi ya fi kowa sa'a domin famfon sola ba ya buƙatar batir sam, rana ta fito ruwa ya taso, ta faɗi ya tsaya, abin da ya fi saurin mutuwa kenan an cire shi daga lissafi. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, ana ba shi faranti na wajen wat 1,000 zuwa 1,200 don ya tashi da wuri ya kai la'asar. In aka kwatanta da injin fetur, shi inji yana turo ruwa da ƙarfi kuma kana iya ban ruwa da dare ko asuba, sola kuma a hankali take amma yini guda kuma ba ka sayen lita ko ɗaya, ba baƙin mai ba fulogi. Ga mai albasa da tumatir da tattasai da alkama a fadamar da ruwa yake kusa, sola ta fi ba tantama. Mai shinkafar rani mai kadada da yawa, Baba kar ka sayar da injinka, ajiye shi saboda ranar hazo da lokacin da shinkafa take fitar da kai ba ta son ƙishi ko na yini ɗaya. Amma akwai abin da ke damuna a nan. A Yaman da kuma Helmand ta Afganistan, da manoma suka samu famfon sola ruwa ya zama kyauta sai aka bar shi yana zuba daga safe har yamma, a Yaman kan kat, ganyen da suke taunawa, a Helmand kan abin da ake yin hodar maye da shi, dubban rijiyoyi, ruwan ƙasa ya riƙa ja da baya har rijiyoyin sha na talakawa suka ƙafe aka koma haƙa mai zurfi wanda sai mai kuɗi. Tsadar mai ita ce take sa mu kashe inji in kwami ya cika. In ta kau to sai mutum ya tsare kansa, ƙasa ta sha ka kashe, domin ruwan da ke ƙarƙashin fadamar Hadeja da na rijiyar cikin gari ba a raba su da katanga ba.

Wajen kafawa, a fuskantar da shi kudu a ɗan karkace kamar digiri 12 zuwa 15, daidai da inda muke a doron ƙasa kuma ƙura da ruwan sama su riƙa gangarewa, kar inuwar darbejiya ko ta tankin ruwa ta taɓa ko gefe ɗaya domin inuwa kaɗan tana rage wa layin duka ƙarfi. Da hunturu a riƙa wankewa da sassafe ko bayan magariba da ruwa da tsumma mai laushi, ba a watsa wa gilashi mai zafi ruwan sanyi, ba a sa omo ko soson ƙarfe. Na gida ni na fi son a kafa shi a kan ƙarfe a tsakar gida ko saman soro inda hannu zai kai, a ɗaure da noti irin wanda ba kowace sifana ke kwancewa ba, maimakon can ƙololuwar kwano inda ba mai hawa ya goge kuma iskar farkon damina in ta zo ta yaye kwanon da farantin gaba ɗaya. Na gona kuwa sata ta yi yawa, shi ya sa da yawa suke yin firam mai taya ko su ɗora a amalanke su tafi da shi da safe su dawo da shi da yamma, to in haka zaka yi kar ka sayi manyan nan masu mita biyu da wani abu, ɗauki matsakaita da mutum ɗaya zai iya ɗagawa, ka shimfiɗa tabarma ko buhu a tsakaninsu, a jera su a tsaye ba a kwance ba, kuma kar yaro ya zauna a kai domin tsagewar cikin sel ba ta nuna kanta sai an ga ruwa ya rage ƙarfi. A sa fis ko bireka tsakanin batir da inbata, a yi amfani da wayar tagulla mai kauri ta sola ba ta fitila ba, sannan a binne sandar ƙarfe a ƙasa a ɗaure firam ɗin da ita saboda tsawa kafin ruwan farko ya sauka.